Tifata ta ɗau zafi: in gyara injin ko in sayi ɗan Beljiyam?

Tambaya: Ina da tifa ƙirar DAF da muke jigilar yashi da ita. Direbana ya ce allurar zafi ta kai ja a hanya, ya tsaya ya ɗura ruwa ya lallaɓo gida. Yanzu salansa na fitar da farin hayaƙi, kullum sai an ƙara ruwa. Bakanike ya ce a sauke injin a sayi ɗan Beljiyam. In saya? Daga wani mai tifa a Zariya.

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Injin da ke tashi yana tafiya bai buga ba, kuma alamun da ka lissafa sun fi kama da gaskit ɗin kan silinda ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangarsa. Da safe, kafin a tayar da motar, zaro sandar bakin mai ka duba. In man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada a sake tayar da ita. In yana nan baƙi, a buɗe murfin lagireto tun injin na da sanyi, a tayar, ka tsaya ka kalli ruwan. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa iskar silinda ce ke kutsawa hanyar ruwa.

Idan an kwance kan silindan, kada ka yarda a ɗora sabon gaskit a mayar haka nan. Zafi na lanƙwasa ƙarfen, wani lokaci ya tsaga shi, musamman in direbanka ya ɗura ruwan sanyi injin na tafasa. A kai wa masu injin gogewa su ɗora ƙarfen awo su ga ko ya karkace, su matsa masa ruwa su ga ko yana yoyo. A duba robobin gindin laina, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, don su ma suna sakin ruwa cikin mai. Wajen mayarwa, kusoshin kan silinda suna da tsarin ɗauri da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, da sifana mai ma'auni ake yi. Bakaniken da ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa zai dawo da kai gareji.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka, ba wanda ya gaya maka dalilin zafin. Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai. Ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya mutu, ko fambel ya saki, ko fanka ba ta kamawa, ko murfin lagireto ya daina riƙe iska. Motar yashi kuwa ƙura kaɗai ta isa ta liƙe haƙoran lagireto. In ba a gano wannan ba, ɗan Beljiyam ɗin ma haka zai ƙone. Sayen wani injin sai in gangar injin ce ta tsage ko fistin ya ci laina ƙwarai. Ko da ta kai ga haka, a kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, kada ka biya sai da sharaɗin gwaji a rubuce.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar mana motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta, da ita nake ciyar da marayu. Tana yawan zafi, wani bakanike ya ce a cire tamostat a yar. Ban san komai a mota ba. Yaya zan gane mai amana? Daga wata baiwar Allah a Gusau.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Kada a cire. Tamostat ne ke riƙe injin dizal a zafin da ya dace da shi, wajen digiri 80 zuwa 95. In ya maƙale, sabo ake sawa, ba tsada gare shi ba. Cirewa ɓoye ciwon take yi, ga ƙarin shan mai. Ki kuma hana zuba ruwan rijiya, domin yana barin ɓawo da tsatsa a ciki. A sa ruwan lagireto na jarka.

Batun amana, tambayi masu motoci irin taki da suka daɗe a tasha, ba direbanki kaɗai ba, tunda akan sami direban da ke da kaso a gareji. Nemi wanda Kanta ce sana'arsa, mai rumfa tsayayya, ɗan ƙungiyar makanikai ta NATA, don in rigima ta taso akwai shugaban da za ki kai wa ƙara. Mai amana yakan gwada kafin ya kwance, ya nuna abin da ya lalace ido da ido. A raba kuɗin aiki da na kaya a takarda, ki tura ɗan'uwanki ya je sayayya tare da shi, kuma duk abin da aka cire a dawo miki da shi a buhu. Fara ba shi ƙaramin aiki, kamar wanke lagireto da canza murfinsa, sannan ki sa direba ya riƙa faɗa miki inda allura ke tsayawa in motar ta ɗau kaya tana hawan tudu.