Gyaran ciki a Turkiyya: hutun mako biyu ba zai ishe ki ba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila da bizar aiki, ina aikin kula da tsofaffi. Bayan haihuwa uku, biyu ta tiyata, cikina ya saki, fata ta zubo. Wani kamfani a Istanbul ya yanka min farashin gyaran ciki da zuƙe kitse, har da ƙarin mazaunai idan ina so, haɗe da otal na kwana biyar da mota. Suna so in tura kafin alƙalami a makon nan kafin rangwame ya ƙare. Hutun mako biyu na ɗauka, ni kaɗai zan je, kuma ban gaya wa kowa ba. Me ya kamata in shirya?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki tura ko sisi a makon nan. Ba cewa muke yi ki fasa ba. Sakin ciki bayan haihuwa damuwa ce ta gaske, sau da yawa har da rabuwar naman ciki mai jawo ciwon baya, kuma Turkiyya na da ƙwararrun likitoci. Matsalar ita ce duk shirinki ya tsaya a ranar tiyata, alhali nauyin abin yana cikin makonni shida da ke biye da ita. A Ingila ƙa'idar likitocin fiɗa ita ce a bar aƙalla mako biyu tsakanin ganawa da likitan da zai yi aikin da ranar yanka, domin mutum ya yi tunani. Mai ce miki rangwame zai ƙare Juma'a, wannan tunanin ne ba ya so ki yi.

Mu fara da lissafin kwanaki. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ce kada a hau jirgi sai bayan kwana 7 zuwa 10 da gyaran ciki, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, kuma ta ce kwana 10 bayan duk tiyatar ciki. Dalili shi ne gudan jini: tiyata na sa jini saurin daskarewa, zaman awa huɗu a kujerar jirgi daga Istanbul zuwa Landan na ƙara haɗarin, kuma idan gudan ya tashi daga ƙafa ya toshe huhu, yana kisa cikin mintuna. Otal na kwana biyar ke nan bai kai ba. Ki isa kwana ɗaya ko biyu kafin aikin saboda gwaje-gwaje, ki ƙara kwana 10 a kai, ki sayi tikitin da ake iya sauya masa rana, sannan ki ajiye kuɗin ƙarin mako guda na otal da ba za ki taɓa ba sai ta ɓaci.

Daga nan sai aiki, wanda shi ne ya fi damun mu a wasiƙarki. Wanda aka yi wa gyaran ciki na buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya koma aiki, kuma ba a ɗaukar abu mai nauyi sai bayan mako shida. Ke kuwa aikinki juya mutum a gado ne da tallafa masa ya miƙe. Ɗinkin da ke riƙe naman ciki daga ciki ba ya jure wannan a mako na uku, yana iya saki, ko bakin raunin ya buɗe. Dokar Ingila ba ta tilasta wa mai aiki ya ba ki hutu na musamman don tiyatar da kika zaɓa da kanki ba, saboda haka ki zauna da manajanki tun yanzu, ki haɗa hutun shekara (kwana 28 ne ga mai aikin kwana biyar a mako) da abin da za ku daidaita a kai, kuma a rubuta. Ba sai kin kwance masa komai ba, amma kada ki yi ƙarya. Mai bizar aiki na da ƙarin tarko biyu. Idan kika yi fiye da kwanakin aiki 10 a jere ba ki zo ba, ba da izini ba, dole kamfanin da ya ɗauki nauyinki ya sanar da Ma'aikatar Cikin Gida. Hutu ba albashi da ya wuce mako huɗu a shekara shi ma yana iya raba ki da ɗaukar nauyin, sai dai in ya faɗa cikin dalilan da aka keɓe, irin su hutun rashin lafiya. Kwana bakwai na farko na rashin lafiya ke za ki shaida da kanki, bayan haka sai da takardar likita.

Batun takardu gajere ne amma ba a wasa da shi. Turkiyya na so fasfo ya kasance da sauran kwana 150 daga ranar shiga. Mai fasfon Birtaniya na shiga ba biza har kwana 90, mai fasfon Najeriya kuwa sai da biza, ko da yana zaune a Ingila. Ki nemi asibitin ya ba ki wasiƙar gayyata mai ranaku, ki tambayi ofishin jakadancin Turkiyya irin bizar da ta dace da mai zuwa magani. Katin zama na BRP ya ƙare tun 31 ga Disamba 2024, yanzu eVisa, wato shaidar biza ta intanet, ake dubawa, don haka ki shiga asusunki na hukumar biza ta Birtaniya, UKVI, ki tabbatar fasfon da za ki yi tafiya da shi ne ke ciki, musamman idan kin sabunta shi. Idan kin riga kin shigar da takardar sabunta biza ba a ba ki amsa ba, kada ki taka ƙafa waje, domin fita na sa a ɗauka kin janye takardar. Mai neman izinin zama na dindindin kuma ya riƙa ƙirga kwanakinsa na waje, kada su wuce 180 cikin kowane wata 12.

Wanda kike hira da shi a WhatsApp ɗan kasuwa ne, kamasho yake ci. Ki nemi cikakken sunan likitan da zai riƙe wuƙa da sunan asibitin, ki duba ko likitan na cikin ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Turkiyya ko ta duniya, ISAPS. Tun 2017 dokar Turkiyya ta wajabta wa asibiti da dillalin da ke karɓar marasa lafiya daga waje su mallaki takardar izini ta Ma'aikatar Lafiya, kuma ana ganin jerin asibitocin da aka amince da su a shafin HealthTürkiye. Ki dage sai kin yi magana da likitan ta bidiyo kafin biya. Ki tambaye shi mutum nawa yake yi wa aiki a rana, ko akwai sashen kulawa ta musamman da ma'ajiyar jini a cikin ginin, wane ne likitan sa barci, kuma wa zai duba ki da ƙarfe biyun dare. A turo miki yarjejeniya da takardar amincewa cikin harshen da kike ji tun kina gida. Kada ki yarda a miƙo miki su da safiyar tiyata kina sanye da rigar asibiti. A ciki ki nemi wanda zai biya idan kin ƙara kwana a asibiti ko aikin ya buƙaci gyara, ki kuma sani cewa idan rigima ta tashi, kotun Turkiyya ce za ta saurare ta. Biya da katin bashi kai tsaye ga asibiti ya fi tura kuɗi asusun wani, saboda dokar Ingila na ba da kariya ga sayayyar da ta haura fam 100 zuwa 30,000.

Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta biyan matsalar tiyatar da aka je yi da gangan, katin GHIC kuma, wanda mazauna Birtaniya ke samun magani da shi a ƙasashen Tarayyar Turai, ba ya aiki a Turkiyya. Akwai inshora ta musamman ga masu tafiya magani. Ki karanta ta layi-layi, ki ga ko ta haɗa da ƙarin kwanakin asibiti da maido da mara lafiya gida. Idan aka tara wannan da tikitin mutum biyu da otal da albashin da za ki rasa, farashin da ya ruɗe ki zai canza kama. Araha ba ta ado.

Ƙarin mazaunai, wato BBL, muna roƙon ki ki cire shi daga lissafi. Idan kitsen ya shiga cikin tsoka yana iya faɗawa jijiyar jini ya wuce huhu. Wani ƙiyasi na 2017 ya nuna mutuwar kusan mutum 1 cikin 3,000, kuma a 2018 ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ta ce wa mambobinta su dakata da shi, sai a 2022 ta yarda da zuba kitsen a ƙarƙashin fata kawai, ana kallo da na'urar hoto. CDC ta ƙirga Amurkawa 93 da suka mutu bayan tiyatar gyaran jiki a Jamhuriyar Dominika daga 2009 zuwa 2022, kuma a waɗanda aka bincika, toshewar jijiya da kitse ko gudan jini ne ya fi yawa, galibi ga masu ƙiba da waɗanda aka haɗa wa ayyuka da yawa a zama ɗaya. Ki duba ma yadda jinyar take: mai gyaran ciki kwanciyar rigingine take yi, gwiwa a lanƙwashe, mai BBL kuwa ba ta zama ko kwanciya a kan mazaunai na makonni. Ta wane gefe za ki kwanta? Kitsen da za a zuƙe ma, in ya kai lita biyar ya zama babban aiki mai buƙatar kwana ƙarƙashin kulawa.

Wata biyu kafin tafiya ki ga likitanki na unguwa. A auna jininki, domin ƙarancin jini ya yi yawa ga mata masu ƙari a mahaifa ko al'ada mai nauyi, kuma ma'aunin ƙarfin jini (hemoglobin) ƙasa da 12 na nufin sai an gyara tukuna. A duba suga da hawan jini. Ki san rukunin jininki na sikila, ki gaya wa likitan sa barci ko da AS ce ke. Likitoci da yawa ba sa yin wannan aiki sai ma'aunin ƙiba na BMI ya sauko ƙasa da 30. Taba da shisha da duk wani abu mai nikotin a bar su mako huɗu zuwa shida kafin aiki da bayansa, don suna matse ƙananan jijiyoyi har fatar da aka ja ta mutu ta yi baƙi. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin ana dakatar da ita mako huɗu kafin tiyata, da shawarar likita, a koma wata hanyar. Ki faɗi duk abin da kike sha, har da asfirin, jiƙe-jiƙe da allurar rage ƙiba irin su Ozempic da Mounjaro, waɗanda ke riƙe abinci a ciki ya zama haɗari lokacin sa barci. Man bilicin mai sitiroyid na sirantar da fata ya hana rauni haɗewa, kada kunya ta hana ki ambatarsa. Idan fatarki na yin tabo mai tudu, ki nuna wa likita tabon haihuwarki, domin yankan gyaran ciki daga ƙugu zuwa ƙugu yake. In kuma da sauran niyyar haihuwa, ki jira.

Maganar zuwa ke kaɗai ba ta taso ba. A kwanakin farko a sunkuye za ki riƙa tafiya, ɗamara ta matse ki, siraran robobi biyu sun fito daga ƙasan cikinki zuwa 'yan kwalabe masu tara ruwa ja-ja. Kullum sai an juye su an rubuta adadin, kuma galibi ba a cire su sai ruwan ya koma kusan mililita 30 a awa 24. Tashi daga gado sai kin mirgina gefe, kin sauke ƙafafu, wani ya tallafo kafaɗarki. Tari sai kin danne ciki da matashi. Salla a zaune. Idan jiri ya kwashe ki a banɗakin otal, wa zai kira 112, lambar gaggawa ta Turkiyya? Ki gaya wa mijinki ko 'yar'uwa ɗaya mai riƙe sirri, ku tafi tare, ta riƙe kwafin fasfonki da lambar inshora. Wadda ke Ingila da takardunta ta fi sauƙin samu a kan wadda za a ɗauko daga gida, saboda biza. Kada kuma ki shirya zarcewa gida jinya kai tsaye, don doguwar tafiya ce a lokacin da jini ya fi saurin daskarewa. Yara ma a sama musu mai kula da su, ba za ki iya ɗaga na goye ba.

Kafin a sallame ki, ki karɓi rahoton tiyata da Turanci, da sunayen magunguna, da takardar izinin hawa jirgi, da wasiƙar likita idan an ba ki allurar tsinka jini ko maganin ciwo mai ƙarfi. Ki nemi keken guragu daga kamfanin jirgi awa 48 kafin tashi, ki zauna a kujerar bakin hanya, ki sa safar matse ƙafa, ki riƙa miƙewa kina takawa duk awa, ki sha ruwa sosai.

Bayan kin dawo, kumburi da zafi a sharaɓa ɗaya, sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji na nufin kiran lambar gaggawa 999 nan take. Zazzaɓin da ya kai 38, mugunya, wari, fata ta yi baƙi kusa da cibiya, ko ciki ya cika da ruwa yana motsi, ki kira 111, layin shawara na NHS, ko ki je sashen gaggawa a ranar, kada ki tsaya tura hoto Istanbul kina jiran amsa. NHS za ta ceci ranki ta magance cutar, amma galibi ba ta gyara siffar aikin da ya lalace. Ki gaya musu inda aka yi miki aikin da ranar, domin ana yi wa wanda ya kwanta a asibitin waje gwajin ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma akwai masu jinkirin fitowa da ba sa nuna kansu sai bayan makonni, a matsayin ƙurji a bakin ɗinki.