Gyaran Banɗaki da Daɓen Tashar Jiragen Ruwa: Da Wanne Za a Fara?

Tambaya: Ina cikin kwamitin da ke kula da wata tashar ƙananan jiragen ruwa ta jama'a. Banɗakunanmu sun tsufa, daɓen wurin ajiye motoci ya farfashe, kuɗin da aka ware mana kuma ba zai ishi ayyukan biyu ba. Da wanne ya kamata mu fara?

Amsa: Malam, shawarata ita ce kada ku taɓa ko ɗaya daga cikinsu sai kun san halin da bututun da ke ƙarƙashin ƙasa suke ciki. Ku ɗauko masani ya zura kyamara cikin bututun ƙazanta, ya auna na ruwan sha ko yana yoyo, ya kuma duba magudanan ruwan sama. Abin da za ku biya shi kaɗan ne idan aka kwatanta da asarar shimfiɗa sabuwar kwalta bana, baɗi kuma a dawo a farke ta domin sauya bututu. Irin wannan ɓarnar tana ci mini rai ƙwarai, domin dukiyar jama'a ce ake kashewa sau biyu a kan aiki ɗaya.

Bayan bututu, banɗaki ne a gaba, saboda ya shafi lafiyar mutane da tsabtar ruwan da jiragen suke ciki. Idan harsashi da bango suna da ƙarfi, babu dalilin rushewa. A gyara rufi, a buɗe hanyar iska, a sauya kayan ciki. A bakin teku gishiri ne babban abin tsoro, domin yana ratsa kankare ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura har ya fasa simintin da ke lulluɓe da shi. Saboda haka duk ƙarfen da za a saka, daga famfo zuwa maƙallan ƙofa, ya zama mara tsatsa mai lamba 316, wanda ya fi mai lamba 304 jure gishiri, ko da yake ya fi shi tsada. Masai na zamani yana amfani da ruwa lita 6 ko ƙasa da haka duk lokacin da aka kora ƙazanta, tsofaffi da yawa kuwa suna shan lita 13 ko fiye. Kada kuma a bar masu keken guragu a baya: gangaren shiga kada ya wuce tashin mita 1 a cikin tsawon mita 12, a ciki kuma a bar filin juyawa na kimanin santimita 150.

Shi daɓe ba lallai ne a yi shi gaba ɗaya ba. Inda tsagar siririya ce, cike ta ya wadatar, domin manufar ita ce a hana ruwa shiga ƙasa. Inda kwaltar ta tsattsage kamar fatar kada, alama ce cewa cikon da ke ƙarƙashinta ya lalace, kuma ɗora sabon shafi a kai ba zai daɗe ba, dole a haƙe wurin a sake dandaƙe shi. A wurin sayar da mai da gangaren saukar da jirage cikin ruwa a zuba kankare, saboda fetur da man dizal suna narkar da kwalta. Ko'ina kuma a ba daɓen karkatar kusan santimita 2 a kowace mita, ruwan ya bi ta wurin da zai tace mai kafin ya koma teku ko tafki.

Ku keɓe kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin saboda abin da zai ɓullo idan an fasa tsohon gini, ku sa aikin a lokacin da jirage suka fi ƙaranci, sannan ku bar sauran daɓen da bai kai ga hatsari ba zuwa kasafin shekara mai zuwa.