Sabon kenel ya ɗauke mini Wi-Fi, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, na sabunta Linux a laftof ɗina, kenel (zuciyar Linux da ke sarrafa kayan na'ura) ya tashi daga 6.5 zuwa 6.6, sai Wi-Fi ya ɗauke. In na koma tsohon, ya dawo garau. Wa zan kai wa kuka, kuma yaya zan gane an gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, irin wannan matsala ita ce masu kenel suka fi ɗauka da zafi. Ƙa'idar Linus Torvalds ce, wanda ya ƙirƙiro Linux: abin da ke aiki jiya bai kamata sabon kenel ya karya shi yau ba. Sai dai "ya daina aiki" kawai ba ya kai ka ko'ina, hujja ake so.

Kunna da sabon kenel ɗin, ka ajiye sakamakon uname -r (lambar kenel) da na dmesg (saƙonnin kenel). Leƙa /proc/sys/kernel/tainted; in ba sifili ba ne, galibi wani direba (manhajar da ke sarrafa wani kayan na'ura) na waje ne ya shiga, kuma da yawa ba za su kula rahotonka ba sai ka cire shi ka sake gwaji.

Babban aikin shi ne git bisect, hanyar gano sauyin da ya jawo matsalar. Ka sauko da ma'ajiyar kenel, ka buga git bisect start, sannan git bisect bad v6.6 da git bisect good v6.5. Git zai ajiye ka a tsakiyar sauye-sauyen. Ka haɗa kenel, ka kunna, ka gwada, ka ce good in Wi-Fi yana aiki, ko bad in ba ya yi. Sauye-sauyen da ke tsakani sun haura 10,000, amma tunda kowane zagaye rabi yake zubarwa, wajen zagaye 14 ya isa. Yi make localmodconfig don rage lokacin haɗawa, amma ka tabbata direban Wi-Fi yana ciki. Wanda ya ƙi haɗuwa ko ya ƙi tashi, git bisect skip. Nan ake zamewa: ka ce good bisa gaggawa sau ɗaya, ƙarshenta a nuna maka sauyin da bai ji ba bai gani ba. Don haka in ya fito, janye shi da git revert ka ga ko Wi-Fi ya dawo.

Fayil ɗin MAINTAINERS da scripts/get_maintainer.pl za su nuna maka masu kula da sashen, su za ka kai wa kuka.

Batun gyara kuwa, duba git log ka nemi layin Fixes: mai ɗauke da haruffa 12 na farkon lambar sauyin da ka kama. Gyaran sai ya fara shiga reshen Linus kafin Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin, masu kula da kenel ɗin da aka riga aka saki, su kwaso shi zuwa 6.6, daga nan masu rarraba Linux ɗinka su turo maka.