Tambaya da Amsa: Zan je dajin Amazon, in sha ayawaska?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan kasuwa ne a Zariya, shekarata 41. Na daɗe ina burin ganin dajin Amazon, yanzu Allah ya hore kuɗin zuwa Peru. Na ga ana tallan wani zaman dare da ake shan maganin gargajiya mai suna ayawaska, wai yana yaye damuwa. Shekara biyu ke nan ina shan ƙwayar ciwon damuwa, ga kuma hawan jini. Me kika gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Dajin kam ka je, Allah ya kai ka lafiya. Amma ƙoƙon nan, don Allah kada ka kai shi bakinka.

Ayawaska haɗi ne na wata kurangar daji da ganyen da suke kira cakuruna, a dafa su sa'o'i masu yawa har ruwan ya yi kauri da ɗaci. A ganyen akwai sinadarin DMT, shi ke sa mutum gane-gane. Ita kuma kurangar aikinta ta hana jiki narkar da shi. To, wannan hanawar ce matsalarka. Idan ta haɗu da yawancin ƙwayoyin damuwa, sinadarin serotonin, wanda ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa, kan taru fiye da kima: zazzaɓi mai zafi, karkarwa, jijjiga, wani lokaci har rasa rai. Bayan haka tana ɗaga jini da bugun zuciya. Masu masaukin da ake yin zaman za su ce ka ajiye maganinka makonni kafin ka iso. Likitan da ya ɗora ka a kai shi kaɗai ke da ikon sauke ka, ba wanda ke jiran dalarka ba.

Ban raina al'adar mutane ba. Ƙabilu irin su Shipibo sun gaji abin nan kaka da kakanni, da waƙoƙinsu da ake kira ikaro, kuma a 2008 gwamnatin Peru ta sa shi cikin kayan gadon ƙasa. Sai dai da baƙi suka yi yawa, abin ya zama kasuwa. Wasu masu dafawa kan ƙara wani tsiro, towe, don ya fi bugarwa, kuma towe ɗan'uwan zaƙami ne. Kai da ka tashi a Arewa ba sai na faɗa maka yadda zaƙami ke mayar da saurayi ba. Ka ƙara da cewa ana yin zaman ne cikin duhu, da amai, da kiran ruhohi, hankali a gushe kusan sa'a huɗu zuwa shida, asibiti kuma sai an yi tafiyar kwalekwale. Ɓangaren addini ka kai wa malaminka, ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Tafiyar kuwa, daga Lima, babban birnin Peru, za ka hau jirgi kusan sa'a biyu zuwa Ikitos, birnin da mota ba ta zuwa daga sauran ƙasar. Daga can ka bi titin Nauta, kimanin kilomita 100, ka shiga jirgin ruwa zuwa gandun Pakaya Samiriya. Daga Disamba zuwa Mayu ruwa ke cika, kwalekwale ya ratsa da kai tsakanin itatuwa. Daga Yuni zuwa Nuwamba ne ake samun hanyar ƙafa. Ka yi allurar shawara tun da wuri, ka riƙe katin, ka tanadi rigakafin zazzaɓin cizon sauro da riguna masu dogon hannu.

In sha'awar tsirrai ce, ka leƙa layin 'yan magani a kasuwar Belen da ke Ikitos. Ranar da na shiga, sai na ji kamar ina Kurmi: ɓawo a ɗaure dami-dami, saiwoyi cikin kwalabe, warin taba ta gargajiya ya cika layin. Wata dattijuwa ta miƙo min kwalbar ruwan itace, ja wur kamar jini, ta ɗiga a bayan hannuna ta murza, nan take ya koma fari kamar man shafawa. Da shi suke rufe ƙananan raunuka. Ka tambaya, ka rubuta, amma kada ka sayo ayawaska a matsayin tsaraba, domin DMT haramtacce ne a dokar yawancin ƙasashe, tun a filin jirgi za ka shiga uku.

Kafin ka yanki tikiti ka ga likitanka, ya ba ka takarda da maganin da zai kai ka har dawowa, a cikin kwalinsa na asali.