Amsa ga mai son kai yara Yankari daga Kano

'Yar uwa mai tambayar ko kwana biyu zai ishe ku ku haɗa Yankari da gandun dabbobi na Sumu da kabarin Tafawa Ɓalewa a hutun watan Agusta, kuma ko ku ɗauki shatar mota daga Kano, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don irin lissafin da muka yi kenan ni da yayyena da yaranmu, kuma shatar nan ce ta jiƙa mana aiki.

Direban a tasha aka haɗa mu da shi, baki kamar zuma, Hajiya kaza Hajiya kaza, wai ai shi Yankari gidansa ne. Tun ana gobe tafiya ya karɓe kuɗinsa cas wai zai yi sabis ya sha mai. Mun yi da shi ana idar da asuba, bawan Allahn nan bai ɓullo ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ashe lodi ya fara kaiwa kasuwa, yara har sun cinye guzurin hanya a ƙofar gida. Muna wuce Birnin Kudu mota ta fara zafi, a tsaya a zuba ruwa a lagireto a ƙara gaba a sake tsayawa, haka muka ja jiki har Ningi har Bauchi, Sumu kam ko kwanarta bamu kalla ba. Mun hau titin Gombe mun karya kwana a Dindima kenan fambel ya tsinke. Ya tare ɗan acaɓa wai yanzun nan zai dawo da makanike, ya bar mu mata da yara a bakin daji, ka kira wayarsa a kashe. Magariba ta yi, sauro ya taso, autata tana kuka har muryarta ta dishe, yayata sai Innalillahi take maimaitawa. Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye a gefen hanya ta aiko jikanta da tabarma da buta da ƙwaryar fura, Allah ya saka mata da Aljanna. Shi kuwa gogan sai bayan isha ya dawo yana sakace haƙori, ya je ya cika cikinsa, ko sannu babu, buɗar bakinsa wai mu kawo kuɗin bel da na makanike. Mu da muka biya kuɗin sabis! Da na yi magana cewa ya yi ai mata ba su san mota ba. Na bar shi da Allah amma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Bauchi muka koma muka kwana.

Don haka ko motar gida ko direban da wani naku ya sani, rabi za ki ba shi, sauran sai kun dawo. Ku cika tanki a Bauchi. Kuma isa get ɗin Yankari da ke Mainamaji ba shi ne an iso ba fa, daga nan zuwa sansanin Wikki inda masaukin baƙi yake akwai sama da kilomita 40 cikin daji, kar ki yarda dare ya yi muku.

Agustan ma ni bai kwanta min ba in dai dabbobi yaran ke son gani. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, kowace dabba ta watse abinta. Da rani ne, kamar Fabrairu zuwa Afrilu, ƙishirwa ke tara su a bakin kogin Gaji, nan ake dacewa da ɓauna da gwanki, giwa kuma sai mai rabo, kar ki yi wa yara alkawarinta. Ruwan Wikki, wato maɓuɓɓugar da ake wanka a ciki, shi kam ba ruwansa da damina ko rani, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garau har yashin ƙasa kina gani, yarana da ƙyar aka ciro su. Ki tafi da doguwar riga mai duhu da wando, ku sauka da sassafe kafin maza su cika wajen. Birai kuma ba wasa, gwaggon biri a gabana ya fizge ledar burodi a hannun ɗan yayata ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallonmu, ƙofa ma murɗawa suke, a sa mukulli.

Kabarin Tafawa Ɓalewa cikin garin Bauchi yake, awa ɗaya ta isa, za a bi da ku ta wani lungu mai duhu kafin ku fito sarari inda yake kwance, akwai kayansa da hotuna, a nan babbar 'yata ta fara jin yadda aka kashe shi a Janairun 1966. Sumu kuwa tana hanyarku ta wajen Kafin Madaki, can ne raƙumin dawa da jakin dawa suke, waɗanda aka kawo daga Namibiya, ki bar ta sai a dawowa. Kwana uku dai shi ne hankali kwance. Ki kira ki kama ɗaki tun kafin ku taso, ki riƙe tsabar kuɗi don netwok sai a hankali, ga maganin sauro da fitila. Kuma dan Allah ku tsaya ku ci masar Bauchi da zafinta, ki sa a ƙara miki miya.