Ji, amsa da biyan bukata: tambayoyi uku kan addu'ar da ta yi jinkiri

Wata 'yar zumuntar matan ikilisiya daga Zuru ta rubuto tana cewa: "Malam, mun daɗe muna addu'a a kan ciwon ɗana, kowa sai ya ce mini Allah zai amsa. Mece ce ma'anar amsa? Tunda ban ga sauƙi ba, ke nan ba a amsa ba?"

Mama, Allah ya ba yaro lafiya. Kalmar amsa tana da fuska biyu. Ta farko ita ce mayar da magana, kamar a kira ka ka ce na'am. Ta biyu, wadda ta fi yawa a bakin mutanen Kabi da Zamfara da Sakkwato, ita ce karɓa: "amshi canjinki", "ya amshe mini fartanya". Don haka in tsohuwa a Argungu ta ce "Allah shi amsa", abin da take roƙo shi ne Allah ya karɓa. Ba ta yi alkawarin ranar da za a ga abin a hannu ba.

Hausa ta raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa: ji, amsa, da biyan bukata. Talaka kan kai kuka fada, sarki ya ji, ya kuma amshi kukan, amma ranar share hawaye daban take. Littafi Mai Tsarki ma ya raba su. A Daniyel 10:12-13 an gaya wa Daniyel cewa an ji maganarsa tun ranar farko, alhali manzon da aka aiko masa daga sama bai iso ba sai bayan kwana 21. A Luka 1:13 mala'ika ya ce wa Zakariya an ji addu'arsa, a lokacin da shi da matarsa Alisabatu duk sun tsufa.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai roƙon da aka ji, aka karɓa, ba a kuwa ba da abin da aka roƙa ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). An ba shi amsa ta ma'anar farko, ƙayar kuma tana nan. Dubi ginin kalmar bangaskiya: ban gaskiya ce, wato ba da gaskiya, kamar ban kwana da ban ruwa da ban haƙuri. Abin da ake bayarwa kuwa dole da wanda ake ba. Ga Allah ake ba da gaskiya, ba ga sakamakon da ake jira ba.

Tambaya ta biyu daga wani dattijon ikilisiya ne a Gusau: "Ya dace in riƙa cewa 'jinkiri alheri ne' da 'mai haƙuri yakan dafa dutse' ga iyalan da aka sace musu mutum ko aka kore su daga gonakinsu?"

Baba, a fara gyara ta farkon. Yadda aka fi faɗarta shi ne "wani jinkirin alheri ne". Wannan "wani" ba ado ba ne. Bahaushe bai ce kowane jinkiri ba, domin ya san akwai jinkirin da ke cin rai. Masu wa'azi kan yar da "wani" don maganar ta yi daɗi a kunne, nan kuwa ɓarnar take: matar da mijinta bai dawo daga daji ba za ta ɗauka ana nufin mutuwarsa ma alheri ce, ko kuma laifin nata ne da ta kasa ganin alherin. Karin maganar nan kuwa ta waiwaye ce. Wanda ya makara ya rasa mota, daga baya ya ji ta yi hatsari a hanyar Funtuwa, shi ke faɗarta da bakinsa. Ba a ɗora wa wanda ke tsakiyar wuta.

Ta biyun cikakkenta shi ne "mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa". A lura, ba a ce ya ci dutsen ba. Dutse bai nuna ba, bai kuma yi laushi ba. Romo aka sha, wato wani abu ne daban ya fito daga doguwar jira. A ganina wannan ta fi ta farkon gaskiya, ta kuma fi kusa da abin da ya sami Bulus. Duk da haka lokacinta ba makon farko ba ne. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan (Ayuba 2:13), kuma sai da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa ne Allah ya yi fushi da su (42:7). A kwanakin farko "sannu", "yaya muka ji da haƙuri" da kwanon abinci sun isa. In za a yi karatu, a ɗauko Zabura 13 ko Habakuk 1:2, inda bayin Allah da kansu ke tambayar "har yaushe?" Mai kuka ya ji cewa tambayarsa ba saɓo ba ce.

Wani ɗalibi daga Yawuri kuma yana son bambancin haƙuri, dangana da naci, da wanda ya dace da mai addu'a.

Haƙuri shi ne riƙe zuciya alhali abin bai ƙare ba. Dangana tana zuwa ne bayan an yanke, shi ya sa a gidan makoki ake cewa "Allah ya ba da dangana". Kada ka faɗa wa mai jinya haka, zai ji kamar ka riga ka binne masa mara lafiyarsa. Naci kuwa a maganar yau da kullum ba yabo ba ne, in an ce yaro ya cika naci ana nufin ya dami mutane. Amma nacin ne Yesu ya yaba a Luka 18:1-8, a misalin gwauruwar da ta yi ta zarya wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah har ya bi mata hakkinta. Haƙuri ba ya hana naci: a lambun Getsamani, a daren da aka kama shi, Yesu ya maimaita roƙo ɗaya sau uku, yana haɗa shi da miƙa kai ga nufin Uba (Matiyu 26:39-44).

Kalmar gwauruwa ma tana rikita matasa. A kasuwa tana iya nufin duk macen da ba ta da aure a yanzu, amma a wannan aya wadda mijinta ya mutu ake nufi, marar mai tsaya mata a gaban shari'a. In kana karanta wa yara a makarantar Lahadi, ka fayyace musu haka kafin ka shiga labarin.