Me ya sa yis ke tsima sukari alhali ga oksijin?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa ƙwayar halitta na samun ATP 2 kacal (ATP shi ne sinadarin da ke ba ta ƙarfin aiki) daga ƙwayar sukarin gulukos ɗaya idan ta tsima shi, amma idan ta ƙona shi da oksijin sai ta samu kusan 30. To me ya sa yis da bakteriyar E. coli ke bin hanyar tsimi ko da oksijin na nan? Ashe ba asara ba ce?

Amsa: Lissafinka daidai ne, sai dai sukari kaɗai ka ƙirga, ka manta da kayan aiki.

Kowane mataki na sarrafa abinci yana da enzayim ɗin da ke yin sa, kuma enzayim furotin ne. Cikin bakteriya kuwa ɗan mitsitsi ne, a cunkushe yake, furotin da zai iya ɗauka yana da iyaka. Duk gurbin da ta ba enzayim ɗin ƙona sukari, ta rage shi ne daga na ribozom, waɗanda su ke ƙera sabon furotin har ta girma ta rabu biyu. Hanyar oksijin doguwa ce, tana cin ma'aikata da yawa. Ta tsimi gajera ce: ribarta kaɗan ce a kan kowane gulukos, amma kayan aikinta ba su da tsada. Saboda haka idan sukari ya wadata, ƙwayar da ta tsima ta zubar da saura, barasa a wurin yis, asetet (sinadarin da ke cikin binigar) a wurin E. coli, ita ke riga 'yan uwanta hayayyafa. Idan sukari ya yi ƙaranci sai lissafin ya juya, a koma tatse kowane gulukos har ƙarshe.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta ɗakin binciken Terence Hwa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, a 2015. Sun tilasta wa E. coli ƙera wani furotin da ba ta buƙata, don kawai ya cinye mata gurbi. Sai ta fara zubar da asetet tun girmanta bai kai saurin da ta saba fara zubarwar ba. Ƙuncin gurbi ne ya tura ta, oksijin yana nan yadda yake. Af, irin wannan halin ne masanin kimiyya Otto Warburg ya gani a ƙwayoyin ciwon daji tun shekarun 1920.

Wannan ƙunci kuma shi ke sassaƙa zuriya a hankali. A 1988 masanin halittu Richard Lenski ya fara kiwon rukuni 12 na E. coli a ruwa mai ɗan gulukos, kullum yana kwashe kashi 1 cikin 100 zuwa sabon ruwa. Duk rukunan 12 sun rasa ikon cin sukarin ribos, domin babu shi a abincinsu, riƙe kayan sarrafa shi kuwa nauyi ne kawai. Rukuni ɗaya ya yi abin da ya fi ban mamaki: bayan zuriya kusan 31,000 ya soma cin sitiret, sinadarin da ke cikin lemon tsami, wanda ke cikin ruwan tun ranar farko, abin da E. coli ba ta saba yi a gaban oksijin ba, kuma yawansa ya ninka na sauran sau da dama.